Darasi na Tara: Lauya da Fita Nema, daga Birnin Kano zuwa Ƙasashen Waje

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin fita nema. Akwai fatauci, akwai cin rani, akwai kuma almajiranci. Dukkan waɗannan matafiya suna ɗauke da abin da ke da daraja a duk inda suka sauka: goron da aka saro a Gwanja goro ne a kasuwar Kurmi, karatun allo kuwa ɗaya ne gabas da yamma. Lauya ba haka yake ba. Hajarsa ita ce dokar wata ƙasa, doka kuwa tana da iyaka kamar gona. Wannan darasi zai duba abubuwan da lauya ɗan cikin birnin Kano yake aunawa idan ya yi niyyar komawa aiki a kamfanin lauyoyi na ƙasar waje, tare da kwatanta shi da takwaransa na Indiya.

2.0 Yadda Ilimin Shari'a Ya Shigo

Kafin Kano ta fara tunanin fitar da masana shari'a, ta daɗe tana karɓar su. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) Shehu Magili ya sauka a birnin, ya rubuta wa sarkin littafi kan wajiban mai mulki. Daga zaurukan malamai aka riƙa samun alƙalai da muhutai, waɗanda suka sauke Risala da Muhtasar da Tuhufa bisa mazhabar Malikiyya. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir Rayyah. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci.

Dokar Turawa ma ta wannan hanya ta biyo. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma shawararsu ce ta haifar da kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960. An gina kundin ne a kan na Sudan, shi kuwa na Sudan an ciro shi ne daga kundin hukunta laifuffuka na Indiya na 1860. Ke nan lauyan Kano da lauyan Mumbai abokan gado ne: Ingila ce ta bar musu tsarin dogara da hukunce-hukuncen da manyan kotuna suka riga suka yanke, da kuma Ingilishi a matsayin harshen aiki. Wannan gado shi ne ya sa fitarsu take yiwuwa tun farko.

3.0 Fitar Farko

Lauyoyin farko na Arewa a Landan suka yi karatu, domin babu makarantar lauyoyi a gida. Muhammadu Bello na Katsina ya zama lauya a can a 1956, ya dawo, daga bisani ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Bayan an kafa Makarantar Horar da Lauyoyi a Legas a 1962, wadda yanzu take da reshe a Bagauda, sai bukatar zuwa Ingila ta kau. Har ma Nijeriya ta shiga ba wasu ƙasashe aron alƙalai: Udo Udoma ya zama Alƙalin Alƙalan Yuganda a 1963, Akinola Aguda ya zama na Botsuwana a 1972. Waɗannan gayyatar su aka yi, kuma sun tarar da kujera tana jiran su. Matashin lauya na yau shi ne yake ƙwanƙwasa ƙofa.

4.0 Abin da ke kan Sikeli

Abu na farko shi ne kuɗi, kuma ba ya bukatar dogon bayani. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Albashin fam ko dirhami ya zama abin da ke iya ɗaukar nauyin babban gida.

Na biyu shi ne izinin aiki. Shekara biyar a jami'a da shekara guda a Bagauda ba su ba mutum damar kiran kansa lauya a Ingila. Tun daga 2021 sai ya ci jarrabawar SQE, wadda kashinta na farko yake da tambayoyi 360 kan dokar Ingila da Wales. Mai shekara goma yana tsayawa gaban alƙali zai koma ɗalibi, kuma sau da yawa zai fara aiki a ƙarƙashin wanda ya girma.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tambayar wane ɓangare na iliminsa zai ƙetare iyaka tare da shi. Manyan kamfanonin lauyoyi na Landan da Dubai da Singafo ba su cika neman mai iya jayayya a kotu ba. Abin da suke saye shi ne gwanintar rubuta yarjejeniyar ciniki, da dokar kamfanoni, da sasanta rikicin kasuwanci tsakanin ƙasashe. Shi ya sa lauyoyin Indiya da suka fi samun shiga su ne waɗanda suka goge a wannan fanni a Mumbai ko Delhi, ba masu shari'ar gona a kotunan gundumomi ba. To, lauyan da ya ƙware a kotunan Shahuci da Ƙofar Kudu, jarinsa na wani iri ne. Ya san rabon gado da shuf'a da hubusi, ya san inda rantsuwa take faɗawa da lokacin da alƙali zai yi i'izari. Ya san yadda ake warware rikicin gidan gado a Yakasai ko Mandawari, inda magada talatin suke da haƙƙi a soro ɗaya, kuma ya san dattijon da za a fara gaisarwa kafin a kai ga kotu. Duk wannan da Hausa ake yin sa. Ranar da ya hau jirgi, mafi yawan wannan jari a birni zai bar shi, waɗanda suke bukatarsa kuma ba su da inda za su bi shi.

Sai dai ba dukkan fiƙihu ne yake tsayawa a bakin iyaka ba. Babin ciniki ya sami kasuwa a duniya. Gwamnatin Birtaniya ta fitar da sukuk na fam miliyan 200 a 2014, Nijeriya ta bi da na naira biliyan 100 a 2017. Wanda ya haɗa dokar Ingilishi da shari'ar Musulunci, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Bayero, yana riƙe da abin da ba kowane lauyan Landan yake da shi ba, muddin ya zurfafa a murabaha da ijara. Tarihin Indiya ma yana da makamancin wannan: lokacin da Gandhi ya kasa kafa kansa a Bombay, abin da ya kai shi Afirka ta Kudu a 1893 shi ne wani attajiri ɗan ƙasarsu yana bukatar lauya mai jin Gujarati. Abin da ya taso da shi daga gida ne ya buɗe masa ƙofa.

Akwai kuma batun dawowa. Muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975, yana bukatar aƙalla shekara goma a sana'a, kuma mai nemansa ta hanyar aikin kotu sai ya nuna shari'un da ya tsaya a kansu har zuwa Kotun Ƙoli. Shekarun da aka yi ana rubuta yarjejeniya a Dubai ba sa cike wannan gurbi. Mai dawowa zai iya tarar da abokan karatunsa sun zama alƙalai, masu kawo masa ƙara kuma sun saba da wani ofishin.

5.0 Auna Fahimta

1. Bayyana dangantakar da ke tsakanin Final Kod na Arewa da dokar Indiya.
2. Nemi ma'anar shuf'a da hubusi da i'izari daga bakin wani alƙali ko muhuti, sannan ka tsara yadda za ka koyar da su ga ɗaliban babbar sakandare.
3. Ta wace fuska fitar lauya ta bambanta da fatauci da cin rani?