Gyaran Fuska Kafin Liƙi: Nazari a kan Haɗa Sassan Zaren Kabon

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga yadda yake kankare tiyub kafin ya shafa sholisho. Wannan ƙa'ida ce dai maƙeran jiragen sama suke bi. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara tashi a 2009, kusan rabin nauyinsa gamin zaren kabon ne da danƙo. Huda irin wannan gami domin a sa ƙusa yana tsinka zaren, saboda haka liƙi ya fi dacewa da shi.

To amma gam ba ya kama fuska mai maiƙo, ga shi kuwa sashe yakan fito daga mazubinsa da ragowar man da aka shafa don kada ya manne. Akan goge shi da sinadarin asiton, a bi shi da samfefa sannu a hankali, ba tare da an cim ma zaren ba. Daga nan sai gwajin ruwa: in ya shimfiɗu, fuskar ta tsarkaka, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran aiki.

Abin tsoro a nan shi ne, liƙi mai rauni yakan wuce na'urar bincike ta sauti tamkar lafiyayye. Wannan ne ya sa har yau ake ƙara ƙusoshi a manyan gaɓoɓin jirgi.