Bakin Ɗan Siyasa da Iyakarsa

Duk mai kunna rediyo da daddare a Kano ko Kaduna idan zaɓe ya gabato ya san sojojin baka. Mai neman kujera ya sayi fili, su kuma su zo su wasa ubangidansu, su kwance wa abokin hamayya zani a kasuwa. Mafi yawan abin da suke faɗa ba laifi ba ne, ko da ya yi ɗaci. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa ikon faɗar ra'ayinsa da sauraron na wani. Kana iya cewa gwamna ya gaza, asibitin garinku ba magani, takin da aka ce an raba bai iso ƙauyenku ba. Kuma ba a sami wannan haƙƙi a ɓagas ba, don 'yan jam'iyyar NEPU sun sha bulala da ɗauri a hannun En'e cikin shekarun 1950 kafin talaka ya iya ɗaga murya.

Amma kundin da ya kawo sashe na 39 shi ne ya kawo na 45, wanda ya yarda a taƙaita wannan 'yanci domin tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a da kare haƙƙin wasu. Iyakar tana nan inda magana ta bar aikin mutum ta koma kan jininsa. In ka ce wane ɓarawo ne, yana da kotun da zai kai ka, kai kuma ka kawo hujja. In ka ce wane da ƙabilarsa annoba ne, ko duk wanda bai zaɓi namu ba ya fita daga addini, to ka ba wani izinin zaro wuƙa. Haka gidan rediyon RTLM ya yi a Ruwanda a 1994, yana kiran Tutsi kyankyasai, har kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure wasu daga cikin jagororinsa.

Mu ma mun ga namu. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu 2011, sai tarzoma ta ɓarke a jihohi 12 na Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 suka mutu cikin kwana 3. A Zonkwa da Kafanchan an kashe ɗaruruwa, a Bauchi kuma aka hallaka matasa 'yan hidimar ƙasa da aka turo aikin zaɓe. Kwamitin bincike da Sheikh Ahmed Lemu ya shugabanta ya sa kalaman tunzura na 'yan siyasa cikin dalilan abin. Ya ce har kiran da aka yi wa mutane su tsare ƙuri'unsu, wasu sun ɗauke shi a matsayin izinin faɗa.

A kula da wannan sosai. “A kasa, a tsare, a raka” shawara ce mai kyau a kunnen dattijo, domin maguɗi gaskiya ne kuma an sha yin sa. Amma yaron da aka ba ƙwaya da naira dubu da gora, wanda ake kira ɗan daba a Kano, ɗan kalare a Gombe, ɗan sara-suka a Bauchi, wani abu dabam yake ji. Saboda haka ba a auna maganar shugaba da abin da ya ce yana nufi bayan an yi jana'iza. Ana auna ta da irin mutanen da ke tsaye gabansa lokacin da ya faɗe ta, da kuma zafin da gari ke ciki a ranar. Cif Obasanjo ya kira zaɓen 2007 na ko a mutu ko a yi rai, Janar Buhari kuma ya ambaci kare jini biri jini a 2012. Magoya bayan kowannensu sun ce ba a fahimci gwaninsu ba. To, wanda miliyoyi ke saurare bai kamata ya bar wa ɗan daba aikin fassara ba.

Sai dai kada wannan ya zama sandar da masu mulki za su doki mai sukarsu. Da Doka ta 4 ta 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, alhali ba su tunzura kowa ba. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin da ya tanadi rataya ga wanda kalamansa na ƙiyayya suka jawo kisa, jama'a suka yi masa caa, kuma a ganina sun yi daidai. Ba ƙarancin doka ke damunmu ba. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta zagi da kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe. Matsalar ita ce yaron da ya riƙe gora shi ake kamawa, wanda ya riƙe lasifika kuwa ya shige motarsa ya tafi.

An gwada wata hanya a Janairun 2015, da 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya riƙa bibiya. Irin wannan zama ya fi amfani in ya sauko ƙaramar hukuma, gaban hakimi da limamai da fastoci, inda kowa ya san yaran kowa. Mai gidan rediyo kuma ya saurari abin da aka ɗauka kafin ya saka, domin in hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo ta zo ɗaukar mataki, tashar za ta tuhuma, ba sojan baka ba.