Insha'in Siffantawa: Abin da Idon Fasinja Ya Gani

1.0 Gabatarwa

Insha'in siffantawa shi ne rubutun da ke zana kamannin wani abu ko wuri da kalmomi, har mai karatu ya ji tamkar da idonsa ya gani. Abin da malami ya fi tararwa a littattafan ɗalibai shi ne jimla irin wannan: "Wurin yana da kyau ƙwarai da gaske." Wannan jimla ta faɗi ra'ayin marubuci, amma mai karatu bai ga komai ba, kuma a nan ɗalibai da dama ke asarar maki. A wannan darasi za a yi amfani da fasinjan jirgin ruwa a matsayin misali, domin tafiyarsa ita ke tsara masa rubutu: abin da ya hango daga nesa, da abin da ya iske, da abin da ya bari a baya.

1.1 Farawa da Sananne: Kogin Kaduna

A ƙaddara ɗalibi ya shiga kwalekwale daga gaɓar arewa ta Kogin Kaduna, wajen unguwar Kabala. Idan da rani ne, zai ga duwatsu sun fito fili, ga yashi, ga masu wanki sun shanya tufafi a bakin ruwa. Idan kuwa a watan Agusta ne, ruwa ya yi jawur, ya haɗiye duwatsun, yana tafe da ciyayi da rassan itace. Wuri ɗaya ne, amma kamanni biyu. Don haka wajibi ne ɗalibi ya ambaci lokaci, sannan ya yi aiki da ido da kunne da hanci da fata.

1.2 Zuwa ga Baƙo: Kogin Ƙanƙara

Gwajin gaske shi ne siffanta abin da mai karatu bai taɓa gani ba. A jihar Alaska ta Amurka akwai mashigin teku mai suna Glacier Bay, inda jiragen ruwa ke kai masu yawon buɗe ido kallon kogin ƙanƙara. Kogin ƙanƙara kuwa dusar ƙanƙara ce da ta taru shekara da shekaru a kan tsauni, nauyinta ya danne ta har ta zama tamkar dutse, tana gangarowa sannu a hankali zuwa teku. A 1794, lokacin da ayarin George Vancouver ya isa wurin, ƙanƙara ce ta cika mashigin. Daga baya ta ja da baya kimanin kilomita 100, jirage suka sami hanya. Ga yadda fasinja zai iya siffanta ɗaya daga cikinsu, wato Margerie:

"Daga nesa na hango wani farin layi tsakanin tsaunuka biyu. Da muka matso, sai ga bango tsaye a kan ruwa, tsayinsa ya kai na bene mai hawa 20, jikinsa duk tsaga, cikin tsagar kuma shuɗi kamar an zuba bula. Iska ta daki fuskata, sanyinta ya ninka na asubahin hunturu. Jirgi ya tsaya, kowa ya yi tsit. Can sai muka ji ƙara kamar tsawa, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa teku, igiyar ruwa ta taso har inda muke."

A lura cewa babu kalmar "kyau" ko ɗaya a sakin layin. Bene da bula da hunturu da tsawa, duk abubuwa ne da yaron Kaduna ya sani, kuma su suka ɗauke shi zuwa abin da bai sani ba. Sai dai malami ya kula kada kamance ya ɓatar da ɗalibi. Idan aka ce "ƙanƙara" kawai, yaro zai tuna da wadda ke faɗowa da damina, don haka sai an ƙara masa bayanin girma, a kuma nuna masa hoto in da hali.

1.3 Aikin Yi

1. Kawo kamance huɗu daga sakin layin da ke sama, ka faɗi gaɓar jikin da kowanne ya shafa.
2. Siffanta Kogin Kaduna da damina a sakin layi ɗaya, ba tare da kalmar "kyau" ba.
3. Tsara darasin minti 40 a kan wannan batu domin aji biyu na ƙaramar sakandare.