Darasi: Ginin Ruwa Da Abin Da Yake Ɓoyewa

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mun koya a fiƙihu cewa ana gane jirkitar ruwa ta launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa. Yau za mu duba yadda Allah Ya gina shi.

Kowace ƙwayar ruwa haɗuwar zarra uku ce: idrojan biyu da oksijan ɗaya. Abin da ya ɗaure su shi ne tarayya cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna elektaron. Sai dai oksijan ya fi ƙarfin janyo su gefensa, sai ƙwayar ta zamo mai gefe biyu masu saɓanin caji. Da waɗannan gefuna ruwa yake fizgar ƙwayoyin gishiri da kanwa har su narke. Mai kuwa ba shi da su, shi ya sa ba ya fita sai da sabulu.

To, wannan ƙarfi da ke tsarkake mu, shi ne ke narkar da ma'adinan ƙarƙashin ƙasa. A Tibiri ta Maraɗi, daga 1985 zuwa wajen 2000, ruwan famfo garau ya ɗauko sinadarin fuliyor fiye da kima, ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi ga miligiram 1,5 cikin lita, kuma tafasawa ba ta cire shi.

Saboda haka, ruwa yana iya halatta ga alwala alhali yana cutar da mai sha. Duk sabuwar rijiya, mu nemi a auna ruwanta kafin yaranmu su sha. Allah Ya kiyaye mu, amin.