Sunan Uwa a Salsala: Darasi Daga Tarihin Kano

Salsalar yawancin gidajen Hausa ta ɓangaren uba take bi, don haka mai neman asalin kakarsa yakan rasa madafa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya sha bamban, domin yakan ambaci mahaifiyar sarki. Ta nan aka san Auwa, matar Muhammadu Rumfa, ita ce uwar Sarki Abdullahi, kakar Muhammadu Kisoki.

Saboda haka mai bincike ya fara da tsofaffin matan gida, ya rubuta sunan yanka tare da laƙabi, tun da alkunya kan ɓoye suna. Sannan ya gwada bayaninsu da takardun rabon gado, inda tilas a ambaci mata saboda kasonsu. Jinkiri asara ne: tsohuwa ta rasu, reshen ya ɓace.