Bidiyon Raɗa Na ASMR: Suna Kawo Barci Ko Suna Korar Sa?

Idan kana yawo a TikTok ko YouTube da dare, da wuya ba ka ci karo da su ba: wani ya kafa baki a makirfo yana raɗa, wata tana ƙwanƙwasa kwalba da farce, ko kuma ƙarar ruwan sama a kan rufin kwano har na awa uku. Su ake kira ASMR, sunan da wata Ba'amurkiya, Jennifer Allen, ta laƙaba a 2010. Ana nufin wannan yarrr ɗin mai daɗi da wasu ke ji daga tsakar ka zuwa ƙeya, kamar lokacin da wanzami ke maka aski a natse.

Shin da gaske suna sa barci? A 2015 masu bincike a Jami'ar Swansea ta Birtaniya sun tambayi mutum 475 masu kallon irin waɗannan bidiyon, kashi 82 cikin ɗari suka ce don neman barci suke kunnawa. Amma ka lura, masoya abin aka tambaya, ba auna barcinsu aka yi ba. A 2018 kuma Jami'ar Sheffield ta auna bugun zuciya, ta ga yana raguwa da kamar bugu 3 a minti ga masu jin yarrr ɗin. Ke nan natsuwar gaskiya ce, sai dai ba kowa ke samunta ba. Wani ma raɗar ko ƙarar tauna haushi take ba shi. Idan kana cikinsu, kada ka tilasta wa kanka.

A ganina matsalar tana ga wayar da ke ɗauke da sautin. Hasken fuskarta yana jinkirta melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Ka shiga neman bidiyo ɗaya, sai ka tsinci kanka ƙarfe ɗaya kana ta gungurawa. Ga talla da kan faɗo da ƙara daidai lokacin da barci ya fara ɗibar ka. Ni kaina sai da aka katse layukan waya a Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomin Katsina a Satumban 2021 na gane ba raɗar na saba da ita ba, latse-latsen ne.

Akwai kuma abin da Bature mai yin bidiyon bai san da shi ba. Mu a Tafoki mun san dare ba lokacin toshe kunnuwa biyu ba ne. Wanda ya kwana da iyafis ba zai ji bugun ƙofar maƙwabci ko kiran waya na gaggawa ba, balle kiran sallar Asuba.

Don haka ga yadda nake yi. Tun da rana nake sauke sautin, in huta da talla da ɓarnar data. Idan a YouTube kake saurare, kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, ka shiga saitin bidiyon ka danna Sleep timer, ka zaɓi minti 20 ko 30. Ka kife wayar nesa da matashi, ba a jikin caja ba, ka bar sautin ya fito ta lasifika ƙasa-ƙasa. In dole sai da iyafis, sa kunne ɗaya kawai.

Idan kuwa ka shafe makonni barci na gagarar ka, musamman bayan wata firgita, je asibiti ka ga likita.