Darasin Turanci: Kalmar Nan "Emphatic"

A wannan wata za mu duba kalma guda wadda ta kan ba 'yan makaranta wahala, watau "emphatic". Ana furta ta "emfatik", gama a Turanci "ph" sautin "f" gare shi. Asalinta daga Helenanci ne, daga wata kalma mai nufin a nuna abu a fili.

Ma'anarta ita ce magana mai ƙarfi wadda ba ta bar wurin shakka ba. In an ce mutum ya ba da "an emphatic no", to, ya ƙi ƙememe ke nan. In kuwa aka ce "an emphatic victory", nasara ce da rata mai yawa. Sai mu lura, ba ta nufin tsawa ko rashin kunya. Dattijo ya na iya yin magana a hankali, ta kuwa zama "emphatic", muddin ba ta da kwana.

Ga inda darasin ya shafi gidajenmu. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta kan yi tambaya a kan "emphatic stress" cikin jarrabawar Turanci. Ɗalibi daga Mada, ko Tsafe, ko Bunguɗu, wanda bai ci Turanci da kyau ba, da wuya ya sami shiga jami'a a Gusau ko Zariya.

Bature ya kan nauyaya murya a kan kalmar da ya ke so a lura da ita. A takarda kuwa a kan rubuta ta da manyan baƙaƙe: "Audu bought MILLET at Mada." Mu Hausawa ba haka mu ke yi ba, domin hawa da saukar murya su na canja ma'ana a bakinmu, kamar wuya ta wahala da wuyan jiki. Sai mu jawo kalmar gaba, mu sa mata "ne" ko "ce": Gero ne Audu ya saya a Mada.

Saboda haka, in ɗalibi ya ga manyan baƙaƙe, sai ya juya maganar da Hausa a zuciyarsa. Da ya ce "gero ne", zai gane ana musun wani hatsi dabam. Tambayar da ta dace ita ce mai cewa, "Did Audu buy maize at Mada?" Iyaye, ku gwada yaranku da wannan da maraice.

Aikin wannan wata:
1. Juya "AUDU bought millet at Mada" da Hausa.
2. Juya "Audu bought millet at MADA" da Hausa.
3. Rubuta da Turanci tambayar da kowace ɗaya ta ke amsawa.